Tankin mbuna mai lita 270: yadda aka samo shukar da ta iya zama da kifi masu tsaron hurumi

Tankin gilashi ne mai tsawon santimita 120, faɗi 45, tsayi 50, wato lita 270 a lissafi, ko da yake in aka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, ruwan da ke ciki bai kai haka ba. Kifi 16 ne a ciki, dukkansu siklid na Tafkin Malawi, daga rukunin da ake kira mbuna, mazauna tsakanin duwatsu. Shida masu ruwan ɗorawa ne, Labidochromis caeruleus. Biyar shuɗɗa ne, Maylandia callainos, waɗanda wasu littattafai ke rubutawa da Metriaclima. Sauran biyar masu launin tsatsa ne, Iodotropheus sprengerae. Cikin shuɗɗan nan biyar, biyu maza ne, kuma a kan mazan nan biyu lamarin duka ya rataya.

Siklid dangi ne babba, karfasa ma a cikinsu take, kuma halinsu da shuka ya sha bamban ƙwarai. Pterophyllum na yankin Amazon a cikin ganye yake rayuwa, har a kan faffaɗan ganye yakan zuba ƙwai. Pelvicachromis pulcher na kudancin Najeriya da Kamaru yana ɗan tono a bakin kogonsa, amma ganye bai dame shi ba. Oska kuwa, Astronotus ocellatus, in ya girma ba ya barin komai a inda aka ajiye shi. Don haka wanda ya tambayi wace shuka ce ke zama da siklid, sai a fara tambayarsa wane siklid yake nufi. Abin da ke tafe ya shafi mbuna ne, a tanki ɗaya.

Mai tankin mutum ne mai kula da kifinsa. Yana canja kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk mako, filtarsa mai ƙarfi ce, kifayen kuma lafiyarsu lau, launinsu a fite. Sau biyu yana dasa shuka tana lalacewa, har ya yanke hukunci. Ya ce da ni, "Malam, ni fa na haƙura. Waɗannan kifayen ba a haɗa su da ganye. Na roba zan nemo in sa, kowa ya huta." Na ce masa, "Yallaɓai, kafin ka nemo na robar, ba ni labarin kowace shuka ɗai-ɗai, yadda ta mutu da inda take lokacin da ta mutu."

Yadda kowace shuka ta mutu

A dashen farko ya sa iri huɗu. Cabomba, mai ganye siriri kamar gashi, ita ta fara tafiya: cikin 'yan kwanaki aka bar kara tsirara. Echinodorus mai faffaɗan ganye ya dasa ta a yashi a gaban tarin duwatsun hagu, kullum da safe sai ya tarar da ita tana yawo a saman ruwa da saiwarta a waje, ya mayar, a sake tumɓuke ta, har saiwar ta gaji. Gansakukar Jaba, Taxiphyllum barbieri, wadda ya ɗaure a dutse, an yi mata kaca-kaca, ragowarta a cikin soson filta aka same shi. Vallisneria kuwa ya jera ta a bango na baya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta ɓangaren hagu duk an tone ta. Ta kusurwar dama ta yi makonni a tsaye, shi ne da kansa ya cire ta don takaici.

A dashe na biyu wani ya ba shi shawarar Anubias, ya kawo tushe uku, ya binne su cikin yashi yadda ake binne kowace shuka. Ganyen ya yi rawaya, ya riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, gindin ya yi laushi yana wari. Wannan ma ya ɗora wa kifi.

Da aka jera labarin haka sai aka ga mutuwar ba iri ɗaya ba ce. Cabomba cinye ta aka yi, kuma ko da ba a ci ta ba, shuka ce mai son ruwa marar nauyin ma'adinai da haske mai ƙarfi, da wuya ta yi ƙarko a tankin Malawi. Echinodorus ba wanda ya ci ganyenta, wurin da aka sa ta ne bai karɓe ta ba. Gansakuka tsefe ta aka yi wajen neman abinci. Anubias kuwa kifi ba su da hannu a mutuwarta ko kaɗan. Tana da kwantaccen kara mai kauri wanda ganye ke fitowa ta samansa, saiwa ta ƙasansa, kuma in aka binne wannan kara ruɓewa yake yi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne Vallisneria: shuka iri ɗaya, yashi ɗaya, kifi ɗaya, amma ta hagu ta mutu, ta dama ta rayu.

Abin da kifin ya gado daga tafki

Tafkin Malawi, wanda ƙasashen Malawi da Mozambik da Tanzaniya ke kewaye da shi, ya fi kowane tafki a duniya yawan nau'in kifi, kuma ɗaruruwa daga cikinsu siklid ne. Mbuna suna zaune ne a gaɓar da duwatsu suka cika, inda shuka mai ganye ba ta da yawa. Abincin akasarinsu shi ne shimfiɗar gansakuka da ƙananan halittun da ke manne a jikin dutse. Masanin kifi Geoffrey Fryer ya yi nazarin yadda suke cin abinci a gaɓar Nkhata Bay, ya wallafa a 1959, kuma ya nuna yadda baki da haƙoran kowane iri suka dace da salon kiwonsa. Maylandia yakan manna baki a dutse ya tsefe abin da ke tsakanin zaren gansakukar. Labidochromis caeruleus, mai ɗan tsinin baki, ya fi tsince ƙwari da ƙananan halittu daga tsaguwar dutse, shi ya sa a tanki ɓarnarsa ga ganye ba ta kai ta sauran ba.

Kifin da ya saba wuni yana goga baki a jikin abu ba zai daina ba don an sa shi a gilashi. Duk ganyen da aka sa masa zai gwada shi. In ganyen mai tauri ne, sai ya kankare gansakukar da ke kansa ya wuce. In mai laushi ne, ganyen ya tafi tare da gansakukar.

Sai batun tono. Namijin mbuna yakan kama wani kogo ko gindin dutse ya mai da shi huruminsa, ya riƙa ɗibar yashi da baki yana tofarwa a gefe har ya yi rami, a nan yake jawo mace su yi barbara. Macen ta kwashe ƙwan a bakinta, ta riƙe kusan mako uku, a tsawon lokacin da ƙyar take cin wani abu. Duk abin da ke tsaye a wannan fage, ko tsakuwa ne ko shuka, namijin zai kawar da shi. Ba yunwa ke sa shi ba, saboda haka ƙara masa abinci ba ya hana shi.

Akwai kuma abin da masu cewa siklid na Malawi ba su san shuka ba suke mantawa. A wuraren tafkin masu yashi da ƙarancin zurfi akwai filayen Vallisneria, akwai Ceratophyllum, wata shukar ruwa marar saiwa. Dimidiochromis compressiceps a cikin ganyen Vallisneria yake laɓewa yana farautar ƙananan kifi. Wato ruwan tafkin bai hana shuka ba, sai dai akwai irin da ya dace da shi.

Taswirar tanki

Abin da na roƙi mai tankin ya yi kafin ya sayi ko ganye ɗaya shi ne ya zauna nesa kaɗan da gilashin, safe da yamma, na tsawon mako guda, da takarda a hannu. Ya zana tankin kamar ana kallonsa daga sama, ya sa alama a inda kowane namiji ke tsayawa, inda yake tono, inda yake tofar da yashi, da inda yake tsayawa ya juyo idan ya kori wani. Na fi matsa masa a kan na ƙarshen, domin wurin da mai kora ke juyowa shi ne iyakar huruminsa.

Taswirar ta fito sarai. Babban namijin shuɗi ya mallaki tarin duwatsun hagu da yashin da ke gabansa da bayansa, kusan santimita 50 na tsawon tankin. Raminsa yana daidai inda aka yi ta dasa Echinodorus. Ƙaramin namijin ya riƙe wani kogo a dama ta gaba, huruminsa ƙarami, tononsa kaɗan. Tsakiyar tankin fili ne fetal, babu abin da ya tare ido, don haka mazan biyu suna ganin juna daga wayewar gari har a kashe fitila. Kusurwar dama ta baya ba ta kowa ba ce, nan masu ruwan ɗorawa da matan da aka kora suke taruwa. A nan ne Vallisneria ta rayu.

A wajen wannan kallo aka gano wani haɗari da ya fi na shuka girma. An ɗora duwatsun ne a kan yashi, babban namijin kuma ya rarake ƙarƙashin ɗaya har ya fara karkata. Dutse mai nauyi in ya zame zai iya danne kifi ko ya fasa gilashi. A tankin masu tono ana fara ajiye duwatsu ne a kan gindin tankin, ko a kan ragar roba da aka shimfiɗa, sannan a zuba yashi a kewaye.

Ruwan kansa

Gwaji ya nuna pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, yana kan 8.0, taurin kabonet wajen digiri 9, zafi digiri 26 a ma'aunin Salshiyas, naitiret, sinadarin da ke taruwa daga kashin kifi, wajen miligiram 40 a lita kafin canjin ruwa. Fitila tana kunne awa 12 a rana. Ga mbuna, pH da zafin sun yi daidai, domin ruwan tafkinsu ya karkata ne ɓangaren kanwa, tsakanin 7.7 da 8.6. Ga shuka kuwa, wannan ruwa yana da sharuɗɗa biyu masu tsauri.

Na farko iskar kabon. A pH 8, kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na kabon ɗin da ya narke a ruwa yake a siffar iskar da yawancin shuke-shuke ke sha kai tsaye, sauran ya koma baikabonet. Vallisneria da Ceratophyllum suna iya ciro kabon daga baikabonet, shi ya sa suke jin daɗin irin wannan ruwa. Anubias da Microsorum, wata shuka mai manne wa dutse irinta, su kuma girmansu a hankali yake, buƙatarsu kaɗan ce, abin da kifi ke fitarwa da wanda ke shigowa daga iska ya ishe su. Shuke-shuke masu saurin girma da jan ganye, waɗanda ake gani a hotunan tankunan ado, yawancinsu sai da tulun iskar kabon. Ban ba da shawarar sa shi a nan ba. Yana saukar da pH, kuma tanki mai kifi da yawa yana buƙatar saman ruwa ya riƙa motsi sosai don iskar shaƙa, wannan motsin kuwa shi ke korar kabon ɗin da aka zuba. Ruwan maganin da ake sayarwa a madadin iskar, mai sinadarin gulutaraldehaid, an san shi da narkar da Vallisneria, don haka shi ma aka ajiye shi gefe.

Na biyu sinadarin ƙarfe. A ruwa mai kanwa-kanwa yana saurin daskarewa ya fita daga hannun shuka, alamar rashinsa kuma sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya. Ga masu saiwa a ƙasa, ƙwayar taki da ake turawa ƙarƙashin saiwar ta fi takin ruwa amfani. Ƙasar shuka ta musamman da ake shimfiɗa wa tankunan ado ba ta dace ba sam: yawancinta tana saukar da pH da taurin ruwa, kuma in mbuna suka tone ta, tankin ya zama taɓo.

Abin da aka zaɓa, da inda aka sa shi

Anubias barteri ita ce ginshiƙi. Asalinta daga koguna da rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya take, inda take manne wa dutse da itace a inuwa. Ganyenta mai kauri ne kamar fata, kuma ba ta buƙatar yashi ko kaɗan, don haka mai tono ba shi da abin da zai yi mata. An ɗauki mai babban ganye guda huɗu da ƙaramar da ake kira nana guda shida, duka manya waɗanda suka riga suka yi ganye da yawa. A irin wannan tanki sayen ƙaramin tsiro asara ce, domin in aka yage ganye biyu daga mai ganye uku, shi ke nan. Kuma an sa su duka a rana ɗaya. Shuka ɗaya tilo a tsakiyar kifi 16 kowa kanta zai taru, amma in suna da yawa hankalin kifin yakan rabu.

Microsorum pteropus, ɗan kudu maso gabashin Asiya, shi ma kwantaccen kara gare shi, shi ma ba a binne shi. Ganyensa dogo ne, yana kai santimita 25 zuwa 30, kuma masu kiwo sun daɗe da lura cewa kifi masu cin ganye ba su cika kula shi ba. Aikin da aka ba shi ya fi na ado. An gina sabon tarin duwatsu a tsakiyar tankin, daidai layin da babban namijin ke juyowa, aka manna Microsorum a samansa yadda ganyen zai kai kusa da saman ruwa. Manufar ita ce a yi katanga tsakanin maƙwabta biyu da ba sa ga maciji, kowa ya daina leƙen tsakar gidan ɗan'uwansa. Namijin mbuna abin da ya gani yake kora, wanda ya ɓace masa daga ido yakan ƙyale shi.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a wargaza duwatsu duka idan za a yi sabon tsari, don kowa ya rasa huruminsa a fara daga farko. Tana da amfani lokacin da za a shigo da sabon kifi. A nan na ƙi ta. Mako guda aka yi ana zana taswira, in aka wargaza komai taswirar ta tashi a banza, kuma ba wanda ya san inda sabon rami zai ɓullo. An ɗaga duwatsun an zaunar da su a gindin tankin, amma kowanne an mai da shi inda yake.

Wajen mannawa an yi amfani da gam mai kauri irin na sayanoakirilet, wanda ke kamawa nan take kuma ba ya cutar da kifi idan ya bushe. Ana fito da dutsen, a tsane wurin, a ɗiga gam kaɗan a wuri biyu ko uku, a danna saiwar ko ƙasan karan na rabin minti. Ba a shafe karan duka da gam. Zare ma yana yi, sai dai mbuna suna jan duk abin da ya yi sako-sako, kuma zaren nailan da ya saki yana iya sarƙe kifi. Dabarar da ta fi amfani daga baya ita ce, yawancin Anubias an manna su ne a ƙananan duwatsu masu cika tafin hannu, aka cusa su a tsakanin manyan. Ko yaushe aka so ana iya ɗauke su a canja musu wuri ba tare da an taɓa saiwa ba.

Vallisneria spiralis ta koma kusurwar dama ta baya, wannan karon a cikin kaskon ƙasa marar fenti. An sa ƙwayar taki a ƙasa, yashi a kai, sannan aka rufe saman da tsakuwa masu faɗin santimita 3 zuwa 4, waɗanda suka fi ƙarfin bakin kifin. Wurin da ganye ya haɗu da saiwa an bar shi a sarari, domin in ya nutse cikin yashi ruɓewa yake. Kusa da ita, a matse tsakanin duwatsu biyu, aka dasa Crinum calamistratum guda ɗaya, ɗan Kamaru, dangin albasar kwaɗi. Ganyensa siriri ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, mai tauri, yana iya kai mita guda. Saman albasar a waje ake barinsa. Ba ya son a riƙa ɗaga shi, don haka aka zaɓar masa wurin da ake ganin ba za a sake taɓawa ba.

A fagen babban namijin ba a sa komai a yashi ba. Mai tankin ya so ko da tushe ɗaya ne a gaban gilashi ta hagu, don nan ido ke fara sauka. Na ce masa, "Yallaɓai, wannan wurin yana da mai shi. Bar masa." Anubias biyu kawai aka sa a can saman tarin duwatsunsa, nesa da bakin kogon.

An ƙara abu biyu don rage naitiret, tunda Anubias da Microsorum ba su cin taki da yawa. Ceratophyllum demersum, wadda ba ta da saiwa, aka sake ta tana yawo a sama. Sai Epipremnum aureum, shukar ɗaki mai yaɗo, wadda aka tsoma saiwarta a akwatin filtar da ke rataye a bayan tankin, ganyenta a waje. Mai kyanwa ko kare a gida ya kula, ganyenta yana cutar da su idan suka tauna.

Akwai waɗanda aka duba aka bari. Kainuwa tana shan naitiret sosai, amma ba ta son saman ruwa mai motsi, ba ta son raɓar da ke ɗigowa daga murfi, kuma kifin za su yi ta cizgar saiwarta. Bolbitis heudelotii tana mannuwa a dutse, amma ta fi sakewa a ruwa marar nauyin ma'adinai. Cryptocoryne kuwa, ko da yake akwai irinta masu jure wannan ruwa, takan zubar da ganye idan aka dame ta, kuma tana buƙatar watanni saiwarta na zaune lafiya.

An rage fitila zuwa awa 7. Abinci ya koma mai yawan sifirulina, wani irin gansakuka, kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, wanda dama shi ya fi dacewa da dogon hanjin mbuna.

Abin da ya biyo baya

A makon farko kifayen sun bi kowane ganye da baki. Tsofaffin ganyen Anubias ba su ji komai ba. Matsalar ta fito ne a sabon ganye, wanda ke fitowa a naɗe, kore-shar, da laushi. Kusan rabin sababbin an ɓantare musu baki kafin su yi tauri, kuma masu launin tsatsa aka fi kamawa suna yi. Waɗanda aka cusa a tsaguwar dutse, inda sabon ganyen ke fitowa a ɓoye, sun fi tsira, don haka aka juya sauran yadda kan karan mai tsiro zai fuskanci dutse. Ganyen da aka ɓantara ba ya gyaruwa, amma shukar ba ta mutu ba.

Anubias biyun da ke saman tarin hagu, dab da fitila, sun yi baƙar gansakuka mai gashi a gefen ganye. Shuka ce ta inuwa, ganyenta kuma yana daɗewa, in haske ya yi mata yawa gansakuka ke riga ta. An yanke ganyen da abin ya fi ci, aka sauko da su ƙasa kaɗan. Microsorum ya yi baƙaƙen ɗigo a ƙasan ganye, mai tankin ya tsorata, amma wasu daga ciki ƙwayoyin haihuwarsa ne, kuma daga bakin tsofaffin ganye ƙananan tsiro suka fito da saiwarsu. Ceratophyllum ba ta yi ba. Ta zubar da ganye, an ci wani, sauran ya toshe bakin filta, aka kwashe ta. Epipremnum kuwa ta cika akwatin da saiwa, kuma bayan wata biyu naitiret yana tsayawa wajen 25 kafin canjin ruwa, ko da yake rage abinci ma yana da kaso a wannan. Crinum ya yi kusan wata biyu kamar ba shi da rai, sannan ya fara tura ganye. Vallisneria ta cika kaskonta, ganyenta ya kwanta a saman ruwa, amma duk reshen da ya tsallake kaskon ya sauka a yashi, ana tone shi.

Ta fuskar faɗa, katangar tsakiya ta yi aiki. Kora ta ragu ƙwarai, matan suka samu wurin fakewa. Wata mai ruwan ɗorawa da ta ɗauki ƙwai ta yi zamanta a bayan Vallisneria har ta saki 'ya'ya, kuma kaɗan daga cikinsu sun tsira a tsakanin saiwar Anubias, abin da bai taɓa faruwa a tankin ba.

Amma shuka ba ta gyara lissafin maza biyu da mata uku ba. Maza biyu iri ɗaya a santimita 120 tsari ne mai wuya, domin fushin babban ba shi da inda zai rabu, kan kifi ɗaya yake sauka. Da ƙaramin ya ƙara girma ya fara fito da launinsa sosai, sai babban ya riƙa zagayo katangar yana nemansa har kogonsa. Da aka ga jelarsa ta yage kuma ya koma rakuɓewa a bayan hitar ɗumama ruwa, aka fitar da shi zuwa wani tanki. Na goyi bayan wannan, kuma ina ganin duk wanda ke fatan ganye ya sasanta masa irin wannan rikici yana jinkirta abin da ya kamata ya yi ne, kifin kuma shi ke shan wahalar jinkirin.

Fitarsa ta canja taswirar. Cikin 'yan kwanaki babban namijin ya bar kogon hagu ya koma dama, ya fara sabon rami a gefen kaskon Vallisneria, yana tofa yashi a kanta har gindin ganyen ya fara nutsewa. An ɗauke kaskon cak aka mai da shi kusurwar hagu ta baya, wadda yanzu ta zama ba ta kowa ba, aka bi da ƙananan duwatsun Anubias uku da suka faɗa cikin sabon fagen. Crinum an bar shi a inda yake, domin saiwarsa ta riga ta shige ƙarƙashin duwatsun da ke matse da shi, namijin ya tona kewayensa bai iya ɗaga shi ba, sai aka ƙara masa tsakuwa a gindi. Mai tankin har yanzu yana son Cryptocoryne a gaba. Mun tsaya a kan cewa zai sake zana taswira bayan wata guda, in kusurwar hagu ta gaba ta ci gaba da zama ba mai tono, a gwada tushe biyu a cikin kasko.